Dutsen Malam Na-Sani

Ranar Litinin ce. Rana ta fito da zafi tun da safe, babu ko ɗigon gajimare a sama.

Shugabar makaranta ta tsaya a ƙofar ɗakin malamai ta ce Sufeto za ta zo ranar Alhamis. Aji huɗu za ta shiga, ta ga yadda ake koya wa yara zaizayar ƙasa, wato yadda ruwa ke cin tudu ya haƙa kwari. Ta ƙara da cewa kujerar mataimaki ta daɗe babu kowa a kanta tun da tsohon ya yi ritaya, kuma abin da Sufeto ta gani ranar shi zai raba gardama.

Ba ta rufe baki ba malamin aji huɗu ya miƙe.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Na-Sani ake kiransa, don ba a taɓa fara gaya masa magana an kai ƙarshenta ba. In ka ce an haihu a gidanku, ya sani. In ka ce tayar kekensa ta sace, ya sani, shi ya bar ta haka ta huta. Ya yi shekara da shekaru yana leƙen ofishin mataimaki ta taga. Kujera mai juyawa, fanka a sama, da mukullin da ake ratayawa a ƙugu yana kaɗawa in ana tafiya. Mukullin nan yake so, ko barci yake yi yana jin ƙararsa.

"An gama, ranki ya daɗe," ya ce.

Malamar lissafi tana gefe tana duba aikin yara. Ita ma ana ambatarta in an zo zancen kujerar. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Akwai tire a sito, Malam. Ka zuba yashi, ka karkata shi, ka tsiyaya ruwa da buta. Haka ake yi kowace shekara."

"Na sani. Shi ya sa kowace shekara yaran ke fita suna zaton duniya a tire take. Dutse a tire, Malama? Ai sai ki nuna musu teku a cokali."

"To kai ina za ka samo dutse?"

"Gina shi zan yi."

Wani malami ya ƙware da shayi. Shugaba ta dafe goshi.

"Malam, filin wasan yara ne fa."

"Daga yau filin ilimi ne."

"Kada dai a taɓa mini komai."

"Ko tsinke, ranki ya daɗe."

Da yamma ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai, hannu ɗaya a ƙugu inda mukulli zai zauna. Matarsa tana tsakar gida tana ninke kayan yara.

"Maman yara, fito mini da kwat ɗina."

"Kotu za ka?"

"Daga ranar Alhamis ke matar mataimaki ce. Ki fara koyon tafiya a hankali."

"An ba ka ne?"

"Saura a miƙo."

"Haka ka ce ranar da ka gyara mana famfo."

"Famfon ya kawo ruwa ko bai kawo ba?"

"Ya kawo. A ɗakin kwana."

Bai ji wannan ba. Ya ce ta gayyato ƙannenta duka su zo su ga yadda ake aiki. Shi kuma ya fita bakin layi ya bi shago-shago. Kafin rana ta faɗi mai shagon kwana, wato na kwanar layinsu, ya fara kiransa Mataimaki, yana faɗa yana kallon ƙasa don kada dariya ta suɓuce masa.

Filin makarantar a karkace yake. Sama wajen ajujuwa, gangare wajen katangar baya. Ranar Talata Na-Sani ya fito da 'yan aji huɗu, ya zaɓi can sama ya zana da'ira da ƙafa, ya ce nan dutse zai zauna. Ya kai wa ƙasa sara da diga. Diga ta yi tsalle ta dawo masa. Ya zaga filin yana dungurin ƙasa da dunduniya, ko'ina kamar ƙarfe, har ya gangara gindin katangar baya. Nan ƙasar baƙa ce, mai danshi, shebur na shiga ba gardama.

Dalilin danshin yana bayan katangar. Can gidan Mai-Wanki yake, wani siririn dattijo mai sanƙo da kaifin baki, wanda ruwan wankinsa ke jiƙa wurin rani da damina. Igiyoyin shanyarsa duk a jikin katangar ya kafa musu ƙusa.

Ba a cika baro na farko ba sanƙon ya ɓullo a saman katanga. Bokiti ya kifa ya taka.

"Malam, rijiya ce ko kabari?"

"Kimiyya ce, Baba. Koma kan wankinka."

"Kimiyyar taka duk faɗin filin nan ba ta sami wurin zama ba sai gindin katangata?"

"Katangar makaranta ce."

"Bayanta naku ne. Gabanta nawa."

"Na sani."

"To in kun tono zinariya, rabi nawa. In gawa ce, taku ce."

Yara suka yi ta tura baro, su hau da ƙasa su gangaro babu komai, har tayar ta tsaga wa kanta hanya tun daga gindin katanga zuwa sama. Na-Sani yana tsaye da rula yana ba da umarni. Da aka tashi, tulin ƙasa ya kai masa ƙirji, ramin kuma ya miƙe a gindin katanga kamar kwamin shayar da shanu. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya gyaɗa kai, ya tafi gida ya ce wa matarsa wanda bai san wurin ba sai ya rantse dutsen tun asali yana nan.

Ranar Laraba da safe ya tarar da dutsen ya baje. Yaran layi sun shigo bayan an tashi sun yi sulu a kansa da kwalaye. Abin da suka rage, awakin maigadi suka ƙarasa. Wata tsohuwar akuya tana kwance a kan ɗan abin da ya saura tana tuƙa, tana kallonsa ido cikin ido.

Malamar lissafi ta zo wucewa da alli a hannu.

"Ka gani, Malam? Zaizaya ta riga Sufeto zuwa."

"Wannan ba zaizaya ba ce. Rashin tarbiyya ne."

Aka koma rami. Aka ƙara masa zurfi, aka ƙara masa tsawo, har tubalin tushen katanga ya fara leƙowa. Dutse ya sake tashi, amma ba ya tsayuwa. A gyara nan, can ya zube. Wata yarinya ta yi atishawa kusa da shi, gefe guda ya gangaro. Na-Sani ya fara gumi. Gobe ne fa. In yaran layi suka dawo, ko akuyar nan mai ido, me zai nuna wa Sufeto? Tulin shara?

Can gefe ana ginin sabon aji. Magina sun tafi cin abinci, sun bar buhunan siminti a buɗe. Ya dube su. Ya dubi dutse.

"Kwano ɗaya kawai," ya ce wa yaran. "Don ya riƙe jikinsa."

Kwano ɗaya ya riƙe gefe guda. Sai ɗaya gefen ya zama abin kunya kusa da shi. Aka ƙaro. Aka sake ƙarowa. Ya tuɓe riga ya ari cokalin magina, ya shiga shafe. Ya fitar wa dutsen da kafaɗu, ya yi masa ƙololuwa biyu, babba da ƙarama. Babbar ya ce sunan Sufeto za a sa mata, ƙaramar ta Shugaba ce. Ya samo farar ƙasa ya dama ya shafe samansu, ya ce ƙanƙara ce irin ta manyan tsaunuka. A lokacin ya manta dalilin gina dutsen. Abin da ya sani kawai, bai taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba.

Babban magini ya dawo yana sakace haƙori, ya leƙa buhunansa.

"Malam, ina simintina?"

"Yana hidimar ilimi."

Magini ya zagaya dutsen, ya shafa shi da tafin hannu. Shi bai san abin da za a yi da shi ba, ya ɗauka ado ne na tarbar baƙi.

"Kai, shafen nan ya yi. Wa ya koya maka?"

"Baiwa ce."

"Ka riƙa yayyafa masa ruwa har yamma. Zai fi kamawa."

"Na sani."

Ya kuwa yayyafa. Bai bar makarantar ba sai da ya ga dutsen ya kama sosai, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Alhamis ta zo da zafin da ya fi na Litinin. Inuwa ɗaya ce a filin, ta katangar baya, don haka nan aka jera kujerun baƙi, a bakin rami. Na-Sani ya sa an rufe ramin da tsofaffin tabarmi kada ya ɓata tsari. Matarsa ta zo da ƙannenta, kowace ta ci ado. Mai shagon kwana ya rufe shago ya zo. Iyayen yara suka cika sauran kujerun. Bayan katanga igiyoyi sun cika da fararen kaya an sa musu bula da sitaci, sanƙon Mai-Wanki kuma yana wurinsa na kullum.

Sufeto gajeriyar mace ce mai tabarau da farin takalmi, ba ta da yawan magana. Shugaba ta zaunar da ita a tsakiya. Ta dubi dutsen ta saman tabarau.

Na-Sani ya fito cikin kwat, ya jera yara a gaban dutse, bayansu na kallon gangare. Ya gyara murya.

Gaskiya ɗaya, bayanin ya iya shi. Ya ce ruwa in ya sauka a tudu ba ya tafiya hannu rabbana, sai ya ɗebi ƙasa. Ya tsaga 'yar hanya, hanya ta zama rafi, rafi ya yi ta cin gaɓarsa har ya zama kwari, in ya ƙara zurfi ya zama kwazazzabo. Ƙasar da ya ɗebo kuwa, inda ya gaji nan yake sauke ta. Ya sa yara suka maimaita, suka maimaita da ƙarfi.

"Abin da ruwa ke yi a shekaru dubbai," ya ce, yana kallon ƙannen matarsa, "yau za ku gan shi kafin a kaɗa ƙararrawa. A ba ni buta."

Ya hau benci, ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya a kan babbar ƙololuwa. Ruwa ya gangaro garau, kamar yadda ya fito daga famfo. Ko ƙwayar yashi bai ɗauko ba.

Yara suka dubi juna.

"Malam, wanka kake yi masa?" wani ya tambaya daga cikin yara.

"Jiƙa shi nake. A kawo bokiti."

Aka kawo bokiti. Aka kawo wani. Yara suka yi layi daga famfo suna miƙo masa yana sheƙawa. Dutse ya yi ƙyalli, ya ƙara kyau. Farar ƙasa kaɗai ta wanke, ta gangaro ta bi hannun kwat ta sauka a takalminsa.

"Kun gani? Ƙanƙara ta narke! Matakin farko ke nan."

"Zaizayar fa?" Sufeto ta tambaya daga inuwa.

"Tana tafe, ranki ya daɗe. Ba ta son gaggawa."

"Da me aka yi dutsen?"

"Ƙasa zalla."

Can kan gini babban magini ya yi tari. Malamar lissafi ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Na-Sani ya zaga bayan dutse kamar mai duba wani abu, ya kankare shi da rula a ɓoye don ya buɗe wa ruwa hanya. Rula ta karye. Ya kai masa dunduniya. Ya dawo gaban jama'a yana ɗingishi yana murmushi.

"Malam!" Mai-Wanki ya ƙwalla daga katanga. "In dauɗa ce ta ƙi fita, in miƙo maka sabulu?"

Jama'a suka fashe. Har iyayen yara. Ƙaramar ƙanwar matarsa ta yi dariya har ɗankwali ya zame. Na-Sani ya ji dariyar nan a ƙashin bayansa. Ya dubi Sufeto, ya ga tana duba agogo. Ya ji mukulli yana yi masa nisa.

Daidai lokacin tankar ruwa ta shigo ƙofar makaranta, ta kawo wa magina ruwan aiki. Bai tsaya tunani ba. Ya ruga da ɗingishinsa ya tare ta.

"Juyo da ita nan!"

Direba ya leƙo. "Na magina ne, Yallaɓai."

"Ni ne mataimaki a makarantar nan. Na ce juyo da ita."

Direba ya dubi kwat, ya juyo. Ya sauko ya warware tiyo mai kaurin cinya, ya tada injin, ya kama mabuɗi.

"Kaɗan ko duka?"

"Na yi maka kama da mai kaɗan?"

Ya buɗe duka.

Tiyon ya kumbura, ya yi miƙa, ya ƙwace daga hannun Na-Sani. Ya yi bulala a iska ya bi jerin kujeru daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mai shagon kwana ya wuntsila da kujerarsa. Ƙannen matarsa suka sa ihu, kwalliya ta gangaro musu har haɓa. Shugaba ta ɗaga jakarta ta kare fuska. Na-Sani ya bi tiyo da gudu, ya faɗa kansa, suka yi birgima, ya samu ya haye shi kamar mai hawan jaki, ya matse shi da gwiwoyi ya saita bakinsa a kan dutse.

"Yanzu za a ga zaizaya!"

Ruwa ya daki dutse da ƙarar da ta sa tsuntsaye suka tashi daga rufin ajujuwa. Dutse ko gezau. Ruwan ya watsu, ya taru a gindinsa, ya yi ɗan dube-dube, ya ga hanyar da tayar baro ta tsaga, ya bi ta.

Yaran layin baya suka fara ji a ƙafafunsu. Suka waiwaya. Ruwan da ya bar dutse garau ya koma ja, yana gudu yana ɗibar ƙasa. Hanyar tayar da ɗazu ba ta fi tafin hannu ba ta buɗe. Gefenta yana tsagewa yana faɗawa ciki, ruwa yana kwashewa.

"Malam, ga rafi!"

"Ku dubi gaba!"

"Malam, yana cin gaɓarsa! Wallahi yana ci!"

"Na ce ku dubi gaba!"

"Malam, ya zama kwari! Ga wani ƙarami yana shigowa ta gefe!"

"Duk wanda ya sake waiwayawa, shi zai share filin nan har ƙarshen zango! Darasi yana gabanku!"

Yara suka juya suka fuskanci dutse, jikinsu a miƙe, idanunsu duk a karkace suna leƙen baya. Sufeto ta riga ta tashi daga kujera. Ta tako har bakin rafin, ta duƙa tana kallo, ta share tabarau ta sake kallo.

"Malam," ta ɗaga murya, "ka bar su su kalli wannan."

"Ranki ya daɗe, kada ya ɗauke miki hankali. Ɓarnar ruwa ce kawai, ba ta cikin darasi. Nan za ki duba. Yanzu zai tsage."

Sufeto ta dube shi ta daɗe. Ya ɗauka sha'awa ce, ya ƙara matse tiyo.

A can ƙasa rafi ya isa rami. Tabarmi suka taso suna yawo a kan ruwa. Ramin ya cika ya tumbatsa, ƙafafun kujeru suka fara nutsewa. Wata uwa ta miƙe, takalminta ya ƙi miƙewa da ita. Jama'a suka kwashi yara ƙanana da jakunkuna suka yo sama, ana zamewa ana kama juna. Sufeto ta ja da baya, taɓo ya riƙe mata takalmi ɗaya, ta fito da ƙafa ba shi, ta sa hannu ta zaro shi baƙi ƙirin.

"Malam!" Muryar Mai-Wanki ta canza. "Katangata tana motsi!"

"Kai ne ke motsi, Baba. Tsufa ne."

"Na ce tana motsi!"

"Na sa—"

Katanga ta yi wani nishi. Ta tsage daga sama har ƙasa, ta sunkuyo a hankali kamar mai gaisuwa, ta kwanta cikin rami a kan kujerun da aka bari. Ba ta tafi ita kaɗai ba. Ta ja igiyoyinta. Riguna, zannuwan gado, wanduna, labule, duk suka biyo ta a jere, farare tas, suka shimfiɗu a cikin taɓo ɗaya bayan ɗaya.

Injin tanka ya yi tari ya mutu. Tiyo ya saki jiki a tsakanin ƙafafun Na-Sani, yana ɗiga.

Inda katanga take ɗazu, Mai-Wanki ne tsaye a kan bokitinsa, da singileti, hannuwansa a sama suna dafe da iska. Ya dubi kayan. Ya dubi jama'a. Ya sauko a hankali, ya tako cikin taɓo, ya ɗago wata doguwar riga da yatsu biyu.

"Malam, wannan wane mataki ne?"

"Baba, katangar dama ta tsufa."

"Ta girme ka, amma ba ta taɓa kwanciya a gaban mutane ba sai yau." Ya juya ga Shugaba. "Ranki ya daɗe, kin gane wannan? Taki ce. Wadda kika ce in bi ta a hankali."

Shugaba ta dubi rigar. Ta sake dafe goshi.

Sufeto ta kira yara. Da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ta tsaya bakin kwarin da ya raba filin gida biyu, ta ce su gaya mata abin da suka gani. Suka yi ta rige-rige. Wannan ya nuna inda ruwa ya fara tsagawa. Waccan ta nuna inda ya yi kwana ya ci gefe guda ya bar ɗaya. Wasu suka ja ta har ƙasa, suka nuna mata yashin da ya baje kamar mafici a inda ruwa ya gaji.

Na-Sani ya taso, kwat na zuba, ya kutsa tsakiyarsu.

"Kin gani, ranki ya daɗe? Dama haka na tsara. Dutsen don jan hankali ne. Ainihin darasin—"

"Wanda ka ce ɓarnar ruwa ce?"

"Gwada su nake."

"Da sharar fili har ƙarshen zango?"

Ta wuce shi ta hau wajen dutse. Ta ƙwanƙwasa shi da dunduniyar takalmin da ke hannunta. Ya amsa, ƙwas, ƙwas.

"Ƙasa zalla," ta ce.

"Da simintina, Hajiya!" magini ya ƙwalo daga kan gini. "Da na san wanke shi za a yi, da ban ce a yayyafa ba."

Direban tanka ya gama naɗe tiyo, ya matso yana goge hannu a wando.

"Mataimaki, ruwan magina fa ya ƙare. Kai za ka yi musu bayani ko ni?"

A nan Shugaba ta sa baki.

"Wane mataimaki?"

Direba ya nuna Na-Sani. Kowa ya dubi Na-Sani. Mai shagon kwana, da ya yi kwanaki yana riƙe dariyarsa, ya sake ta gaba ɗaya, ya zauna a taɓo yana buga cinya.

Shugaba ta dubi Sufeto. Sufeto ta gyaɗa kai. Shugaba ta buɗe jiƙaƙƙiyar jakarta, ta lalubo mukulli, ta miƙa wa Malamar lissafi a gaban iyaye da yara da ƙannen matarsa. Malama ta karɓa da hannu biyu. Ta juyo ga Na-Sani.

"Malam, kwarin nan a bar shi zuwa mako mai zuwa, sauran ajujuwa su gani. Dutsen kuma a kawar da shi daga filin yara. Wanda ya gina shi ya fi kowa sanin kansa."

Ya buɗe baki. Kalmarsa ta kullum ta zo har bakin haƙora, ta koma.

A hanyar gida matarsa tana gaba da ƙannenta, shi yana baya, takalmi na kuka. Da suka kai ƙofa matar ta waiwayo.

"Malam," ta ce, "in ci gaba da tafiya a hankalin, ko in koma irin tawa?"

Washegari tun kafin yara su fara zuwa ya iso makaranta da tsohuwar riga, diga a kafaɗa. Mai-Wanki yana zaune a giɓin katanga da kofin shayi, kayan jiya jiƙe a baho a gabansa. Na-Sani bai gaishe shi ba. Ya hau wajen dutse, ya gyara tsayuwa, ya kai wa babbar ƙololuwa sara da duk ƙarfinsa. Wuta ta yi tartsatsi. Diga ta dawo, hannuwansa suka ɗauki rawa har kafaɗa. Ya duƙa ya duba wurin. Ɗan farin tabo ne kawai, bai kai farce ba.

Ya daɗe yana kallon tabon. Sai fuskarsa ta fara washewa.

"Baba!" ya kira. "Ka ga aiki? Tanka guda ba ta ci shi ba, diga ba ta ci shi ba. In za a sake maka katanga, kada ka ba kowa. Ni zan yi maka."

Mai-Wanki ya ajiye kofi, ya ja bahonsa ya matsa can ciki.

Na-Sani ya tofa yawu a tafi, ya sake ɗaga diga.